Lampedusa: Zangon matafiya da ya koma shingen Turai

Ranar 13 ga watan Agustan 2025, a daidai lokacin da masaukan baƙi na tsibirin Lampedusa suka cika maƙil da Italiyawa masu hutun bazara, wasu jiragen ruwa biyu da suka taso daga gaɓar Libiya suka gamu da hatsari a nisan kimanin kilomita 25 daga tsibirin. Masu gadin tekun Italiya sun ceto mutum kusan 60, sun kuma tsamo gawawwaki sama da 20. Tashar da aka sauke gawawwakin ba ta da nisa da titin Via Roma, inda masu yawon buɗe ido ke zaman shan iska kowane maraice.

Labarin bai daɗe a kanun jaridu ba, domin irinsa ya riga ya zama ruwan dare. Alƙaluman Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, sun nuna cewa daga shekarar 2014 zuwa yau mutum sama da 30,000 ne suka mutu ko suka ɓace a Tekun Bahar Rum. Mafi yawansu sun halaka ne a hanyar tsakiya, wato mashigar da ta raba Libiya da Tunisiya daga kudu da Italiya da Malta daga arewa. A tsakiyar wannan mashiga Lampedusa take.

Wanda duk ya bi tarihin tsibirin zai ga cewa yawan mutanen da ke sauka a cikinsa, da yawan waɗanda ke nutsewa kafin su kai, sakamako ne na shawarwarin da ake yankewa a biranen Rum da Brussels da Tunis da Tarabulus da Yamai. Tsibirin ma'auni ne da ke nuna zafin abin da aka ƙulla a waɗancan wurare. Abin da ya nuna cikin shekara 30 shi ne, toshe hanya ɗaya ba ya kashe tafiyar, karkatar da ita yake yi zuwa wata hanyar da ta fi tsada da hatsari.

Dutsen Afirka mai tutar Italiya

Faɗin Lampedusa kimanin murabba'in kilomita 20 ne, mazaunanta kuma kimanin mutum 6,000 ne. Ita ce babba a cikin tsibirai uku da ake kira Pelagie, sauran biyun su ne Linosa da kuma Lampione, wanda babu kowa a kansa. A tsarin mulki tana ƙarƙashin lardin Agrigento na tsibirin Sisili, amma tsakaninta da Sisilin akwai kimanin kilomita 205, alhali kuwa kilomita 113 ne kacal tsakaninta da gaɓar Tunisiya. Ta fi birnin Tunis kansa gangarowa kudu. Masana ƙasa ma sun tabbatar da cewa dutsen da tsibirin yake kai wani yanki ne na doron Afirka wanda ruwa ya raba shi da uwar nahiyar.

Ƙasa ce ta farar duwatsu, shimfiɗaɗɗiya, mai ƙarancin itatuwa. Wurin da ya fi tudu a cikinta, Albero Sole, bai wuce mita 133 ba. Babu kogi, ruwan sama kuma kaɗan ne, saboda haka mutane sun daɗe suna dogaro da tara ruwan sama da wanda jiragen dakon ruwa ke kawowa, kafin a kafa injinan tace ruwan teku. Gefen arewa ganuwa ce ta duwatsu masu tsayi, gefen kudu kuwa, wanda ke fuskantar Afirka, shi ne mai lungunan ruwa masu kwanciya inda jirgi kan samu mafaka. Wannan siffa ita ta tsara wa tsibirin makomarsa tun zamanin da.

Kogon da Musulmi da Kirista suka yi tarayya a kansa

Finikiyawa da Girkawa da Rumawa duk sun yada zango a tsibirin. Bayan su sai Larabawa, waɗanda suka fara mamaye Sisili daga Tunisiya a shekarar 827. A ƙarni na 16, lokacin da jiragen Daular Usmaniyya da na sarakunan Kirista ke farautar juna a teku, an ruwaito cewa shahararren kwamandan ruwan nan na Turkawa, Dragut, ya kai hari tsibirin a 1553 ya kwashi mutane masu yawa bayi. Daga nan Lampedusa ta yi shekaru aru-aru kusan babu mazauna.

A wannan zamani na kufai ne wani abin mamaki ya kafu. A wani kwari da ake kira Cala Madonna akwai kogo wanda matafiyan ƙarni na 16 zuwa na 18 suka bayyana a rubuce-rubucensu. Sashe ɗaya na kogon wurin ibadar Kirista ne mai ɗauke da hoton Nana Maryamu, ɗaya sashen kuma kabari ne na wani bawan Allah Musulmi. Matuƙan jirage na ɓangarorin biyu, waɗanda a teku abokan gaba ne, kan sauka su ajiye gurasa da mai da tufafi da kuɗi, domin amfanin duk wanda jirginsa ya fashe ko bawan da ya tsere ya faɗo tsibirin. An yi imani cewa wanda ya ɗebi fiye da buƙatarsa ba zai samu iskar barin wurin ba sai ya mayar. Akwai kuma labarin masu zaman kaɗaici da ke kula da fitilar kogon, suna karɓar kowane baƙo ba tare da tambayar addininsa ba.

Wurin yana nan har gobe. Shi ne wurin ibadar Madonna di Porto Salvo, sunan da ke nufin tashar tsira, kuma kowace ranar 22 ga Satumba mutanen tsibirin kan yi bikinsa. Ɗan kasuwar da ya san tarihin fatauci a Sahara ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka rijiyoyi da zangunan hamada suke, wuraren da ake ajiye gaba saboda kowa na iya zama mabuƙaci gobe.

Daga gidan sarauta zuwa makamai masu linzami

A ƙarni na 17 tsibirin ya zama mallakar gidan Tomasi na Sisili, waɗanda suka karɓi sarautar Yariman Lampedusa ba tare da sun zauna a can ba. Daga wannan gida marubuci Giuseppe Tomasi di Lampedusa ya fito, wanda aka buga shahararren littafinsa Il Gattopardo a 1958, shekara guda bayan rasuwarsa. A farkon ƙarni na 19 Ingila ta yi tunanin mayar da tsibirin sansanin jiragen yaƙi a madadin Malta, sai ta ga tasharsa ta yi ƙanƙanta.

Garin da ake gani yau ya samo asali ne daga 1843, lokacin da Sarki Ferdinand na Biyu na Naples da Sisili ya tura kyaftin Bernardo Sanvisente da mutum kimanin 120 su kafa mazauni. Baƙin sun sare dajin tsibirin suka yi gawayi, iska da ruwan sama suka wanke ƙasar noma, sai jama'a ta koma kamun kifi da tsamo soson teku. Bayan haɗewar Italiya gwamnati ta mayar da wurin matsugunin fursunoni da waɗanda aka kora daga garuruwansu.

A Yaƙin Duniya na Biyu, ranar 12 ga Yunin 1943, dakarun Italiya da ke tsibirin suka miƙa wuya ga sojojin ƙawance bayan ruwan bama-bamai. Wanda suka fara miƙa wa wuyan wani matuƙin jirgin saman Birtaniya ne mai suna Sydney Cohen, da ya yi saukar gaggawa a filinsu, abin da ya sa jaridun Landan suka laƙaba masa sarkin Lampedusa. Sai kuma ranar 15 ga Afrilun 1986, sa'o'i kaɗan bayan jiragen Amurka sun yi luguden wuta a Tarabulus da Bengazi, Libiya ta harba makamai masu linzami biyu kan tashar sadarwar Amurka da ke tsibirin. Dukansu a ruwa suka faɗa. Harin ya sa Italiyawa da yawa suka ji sunan Lampedusa a karon farko, suka ga hotunan ruwanta garai-garai a talabijin, daga nan kuma kasuwar yawon buɗe ido ta buɗe.

Yadda zango ya zama iyaka

Kafin 1990, ɗan Tunisiya ko ɗan Maroko na iya hawa jirgin fasinja ya je Sisili aikin gona ko kamun kifi, ya dawo gida idan kaka ta wuce. A waccan shekara Italiya ta ƙaƙaba wa ƙasashen biza, a shirinta na shiga yarjejeniyar Schengen wadda ta soke binciken iyaka tsakanin ƙasashen Turai, ta kuma tsananta shi a iyakokin waje. Ba a jima ba ƙananan jiragen katako suka fara sauka a Lampedusa a farkon shekarun 1990. Masu tafiyar dai su ne na da, abin hawa ne ya canja, kuɗin da ake biyan kamfanin jirgin fasinja ya koma aljihun masu safarar mutane.

Wata dokar Tarayyar Turai da ake kira tsarin Dublin ta ƙara wa lamarin nauyi, domin ta ɗora alhakin mai neman mafaka a wuyan ƙasar da ya fara taka ƙafarsa. Ma'anar haka ita ce, wanda ke son zuwa Jamus ko Faransa ko Sweden, muddin ta Lampedusa ya shigo, kayan Italiya ne. An buɗe cibiyar tsugunar da baƙi ta farko a tsibirin a ƙarshen shekarun 1990, sannan a 2007 aka buɗe wadda ake amfani da ita yanzu a kwarin Imbriacola, mai ɗaukar mutum kimanin 400.

A watan Agustan 2008 Firaminista Silvio Berlusconi da Kanar Mu'ammar Gaddafi suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Bengazi. Italiya ta yi alkawarin dala biliyan 5 a matsayin diyyar mulkin mallaka, Libiya kuma ta ɗauki nauyin tsare gaɓarta. A 2009 jiragen Italiya suka fara mayar da mutane Libiya kai tsaye daga tsakiyar teku, matakin da Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta haramta a 2012. Adadin masu isowa ya faɗi warwas, har aka yi ta murnar an gano bakin zaren. Gaddafi kuwa ya fahimci darajar abin da ke hannunsa, domin a ziyararsa ta Rum a 2010 ya nemi Turai ta riƙa biyansa Yuro biliyan 5 duk shekara. Da guguwar sauyi ta 2011 ta kawar da Ben Ali a Tunisiya, yaƙi kuma ya ɓarke a Libiya, mutum sama da 50,000 suka sauka a tsibirin cikin shekara guda. A watan Maris na shekarar baƙi sun fi 'yan gari yawa, dubbai suna kwana a fili kan tudun da ke saman tashar.

Oktoban 2013

Da asubahin ranar 3 ga Oktoban 2013 wani jirgin kamun kifi da ya taso daga Misrata ɗauke da mutum sama da 500, akasarinsu 'yan Eritiriya, ya lalace a inda ake hango fitilun tsibirin. An kunna wa bargo wuta don jawo hankalin masu ceto, wutar ta kama man da ya zube, mutane suka ruga gefe guda, jirgin ya kife. Mutum 155 suka tsira, 368 suka rasu. Waɗanda suka fara kai ɗauki masunta ne da wasu 'yan gari da suka kwana a kan ruwa. Kwana takwas bayan haka wani jirgin ɗauke da Siriyawa ya nutse da mutum sama da 200, cikinsu har da yara da dama. Watanni uku kafin wannan, ranar 8 ga Yuli, Fafaroma Francis ya zaɓi Lampedusa a matsayin tafiyarsa ta farko a wajen birnin Rum, inda ya yi tir da halin ko-in-kula da ya ce ya game duniya.

A ƙarshen wannan wata na Oktoba ne kuma aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Galibinsu mata ne da ƙananan yara daga yankin Kantche na jihar Damagaram, suna kan hanyar zuwa ci-rani Aljeriya. Gawawwakin teku sun samu kyamarorin duniya, na hamada kuwa sun samu kwana uku na zaman makoki a Nijar. Masu aikin agaji sun sha nanata cewa waɗanda Sahara ke haɗiyewa ba su da mai ƙirga su.

Martanin farko na Italiya abin yabo ne. Ta ƙaddamar da shirin ceto na sojan ruwa mai suna Mare Nostrum, wanda ya tsamo mutum sama da 100,000 cikin shekara guda, a kan kuɗi kimanin Yuro miliyan 9 duk wata. Sauran ƙasashen Turai suka ƙi sa hannu a kuɗin, wasu ma suka ce ceton ne ke kwaɗaita wa mutane tafiya. A Oktoban 2014 aka rufe shirin, aka maye gurbinsa da ƙaramin sintirin tsaron iyaka. Tafiya ba ta ragu ba, kuma a watan Afrilun 2015 jirgi guda ya nutse da mutum kusan 800 a gaɓar Libiya.

Lissafin da ake bugawa a wasu birane

Alƙaluman ma'aikatar cikin gidan Italiya sun isa shaida. A 2016 mutum kimanin 181,000 suka isa ƙasar ta teku, kuma 'yan Najeriya ne kan gaba da kimanin 37,500. A cikinsu akwai mata kusan 11,000, waɗanda IOM ta ƙiyasta cewa kashi 80 cikin 100 na iya kasancewa an yi safararsu ne don karuwanci. A watan Fabrairun 2017 Italiya ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da gwamnatin Tarabulus, ta ba masu gadin tekun Libiya jirage da horo. Zuwa 2019 adadin ya sauko kimanin 11,500. Farashin wannan nasara ya bayyana a gidajen tsare mutane na Libiya, da kuma hoton bidiyon da tashar CNN ta nuna a Nuwamban 2017 inda ake gwanjon baƙaƙen fata kamar awaki. Tun daga lokacin gwamnatin Najeriya da IOM ke kwaso dubban 'yan ƙasa daga can.

Da hanyar Libiya ta yi tsauri sai ta Tunisiya ta buɗe. A watan Fabrairun 2023 Shugaba Kais Saied ya yi wani jawabi da ya zargi baƙi 'yan kudu da Sahara da yunƙurin sauya fasalin al'ummar ƙasarsa. Aka shiga korarsu daga gidajen haya da wuraren aiki, da yawa suka ga teku ta fi musu zama. A yankin Sfax masu walda suka riƙa harhaɗa jiragen ƙarfe masu araha, waɗanda igiyar ruwa kaɗan ke kifarwa. A tsakiyar Satumban 2023 mutum kimanin 7,000 suka sauka Lampedusa cikin kwana biyu, adadin da ya zarce na mazaunanta. A ƙarshen shekarar jimillar masu isa Italiya ta haura 157,000, 'yan Gini da Tunisiya da Kwaddibuwa ne a gaba.

Tun a watan Yulin shekarar Tarayyar Turai ta riga ta ƙulla yarjejeniya da Tunisiya, wadda ta ware Yuro miliyan 105 don tsaron iyaka da wasu miliyan 150 na tallafin kasafin kuɗi. Da jami'an Tunisiya suka fara aiki da ita gadan-gadan, adadin 2024 ya faɗo kimanin 66,000. Firaminista Giorgia Meloni ta kafa hujja da wannan cewa manufarta ta yi aiki. Sai dai a wannan shekarar ce tsibiran Kanari na Sifaniya suka karɓi mutum sama da 46,000, adadi mafi yawa a tarihinsu, ta hanyar Tekun Atilantika daga Senegal da Muritaniya, wadda ta fi ta Bahar Rum tsawo da kisa. Binciken 'yan jarida da rahotannin ƙungiyoyin kare haƙƙi sun kuma nuna yadda ake kwasar baƙi a jibge su a hamadar iyakokin Libiya da Aljeriya. An gudu daga gara, an faɗa gidan zago.

Shingen da ya kai Agadas

Iyakar Lampedusa ta daɗe da matsowa kudu har cikin Nijar. Hanyar da ta tashi daga Kano ta bi Damagaram da Agadas da Dirku zuwa Sabha da Tarabulus tsohuwa ce, ita ce ta kawo fataken Larabawa da suka bar sunansu a unguwar Dandalin Turawa ta birnin Kano. A watan Mayun 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta jigilar baƙi zuwa arewa, Turai kuma ta mara mata baya da kuɗi bayan taron Valletta na Nuwamban shekarar. Daga 2016 aka fara kama direbobi ana ƙwace motoci a Agadas.

Dokar ta taɓa tattalin arzikin gari guda. Masu masauki da masu abinci da masu sayar da jarkoki da 'yan canji duk sun ji a jikinsu, tallafin da aka yi wa tsofaffin direbobi alkawari kuma kaɗan ne daga cikinsu suka gani. Ta kuma ci karo da ƙa'idar ECOWAS ta 'yancin zirga-zirga, domin a lokacin ɗan Najeriya ko ɗan Ghana na da damar zuwa har iyakar Nijar ba tare da biza ba. Direbobin da suka ci gaba da sana'ar sai suka riƙa kauce wa rijiyoyi da shingayen sojoji, suna bin hanyoyin da idan mota ta mutu babu mai wucewa. A Nuwamban 2023, watanni huɗu bayan juyin mulki, Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar. Darasin a fili yake: shingen da aka gina da kuɗin haya yana tsayawa ne muddin mai karɓar hayar na kan kujera kuma yana ganin riba.

Mutanen da aka bar wa kayan

Mai ziyara zai iya kwana bakwai a Lampedusa bai haɗu da baƙon haure ko ɗaya ba. Ana sauke su a wata keɓaɓɓiyar tasha da sojoji ke gadi, a ɗauke su a mota zuwa cibiyar Imbriacola, wadda ƙungiyar Red Cross ta Italiya ke gudanarwa tun Yunin 2023, sannan a wuce da su Sisili cikin 'yan kwanaki. Abin da ke kawo masu hutu shi ne Gaɓar Zomaye, wato Spiaggia dei Conigli, mai farin rairayi da ruwa mai launin shuɗi, wadda masu amfani da shafin TripAdvisor suka zaɓa a matsayin mafi kyau a duniya a 2013. Kunkurun teku na zuwa can yin ƙwai, shi ya sa aka mayar da wurin gandun da doka ta kare, ake kuma ƙayyade yawan masu shiga. Daura da wannan gaɓa ne jirgin 3 ga Oktoba ya nutse, a shekarar da aka ba ta kambun.

A kusurwar kudu maso gabas akwai Ƙofar Turai, wani gini mai tsayin kusan mita biyar da mai zane Mimmo Paladino ya yi a 2008 don tunawa da waɗanda suka mutu a teku. A maƙabartar garin akwai kaburbura marasa suna, da kuma na wata matashiya 'yar Najeriya da ta rasu a 2009, wadda gawarta ta yi kwanaki a cikin jirgin dakon kaya na Pinar yayin da Italiya da Malta ke jayayya kan wanda zai karɓi mutanen da jirgin ya ceto. Wani kafinta na garin, Francesco Tuccio, ya riƙa sassaƙa gicciye da katakon fasassun jirage, kuma ɗaya daga ciki na ajiye a gidan tarihi na Birtaniya.

'Yan tsibirin sun sha yabo. Likitansu Pietro Bartolo, wanda ya shafe kusan shekara 30 yana duba masu rai da matattu a bakin tasha, ya zama ɗan Majalisar Turai a 2019. Tsohuwar magajiyar gari Giusi Nicolini ta samu lambar zaman lafiya ta UNESCO a 2017, amma a shekarar ta sha kaye a zaɓe. Wannan kaye na da ma'ana. Yabo ba ya gina asibiti, kuma shekara da shekaru matan tsibirin na tafiya Palermo ko wani birnin Sisili makonni kafin haihuwa, da kuɗin aljihunsu. Man fetur da kayan masarufi sun fi tsada, masunta na kukan tarkacen jirage na yaga musu koma. Ga kuma tsoron shari'a: a 2007 an gurfanar da masunta bakwai 'yan Tunisiya saboda sun ceto mutum 44 sun kawo su tsibirin, aka ɗauki shekaru kafin kotu ta wanke su baki ɗaya.

Ƙofar baya a rufe, ta gaba a tsuke

Babban abin da ke ɗaure kai shi ne Italiya na buƙatar ma'aikata. Jariran da aka haifa a ƙasar a 2024 ba su wuce kimanin 370,000 ba, adadi mafi ƙanƙanta tun haɗewarta zuwa waccan shekarar. Gwamnatin Meloni da kanta ta amince da shigo da ma'aikata 452,000 daga wajen Turai tsakanin 2023 da 2025. Gonakin tumatir na Foggia da na lemo na Rosarno sun dogara ne da gumin 'yan Afirka, da yawansu marasa takarda, masu kwana a bukkokin leda ƙarƙashin dillalan ƙwadago. Ita kanta hanyar halal ɗin ta cika da 'yan damfara masu sayar da takardun aikin bogi, har Meloni ta kai ƙara gaban mai gabatar da ƙara kan 'yan mafiya a Yunin 2024.

A ɗaya ɓangaren gwamnati na zuba kuɗi a shinge. Cibiyoyin da ta gina a Albaniya don tantance masu neman mafaka, waɗanda aka ƙiyasta za su ci sama da Yuro miliyan 600 cikin shekara biyar, sun ci karo da kotuna tun daga rukunin farko na mutum 16 a Oktoban 2024. Dokar da aka kafa a farkon 2023 ta tilasta wa jiragen agaji wucewa tasha bayan ceto guda, kuma sau da yawa ana tura su tashoshin arewa masu nisan kwanaki. Shirin Mattei na Yuro biliyan 5.5 da aka ƙaddamar a Janairun 2024 don zuba jari a Afirka ya sha suka daga shugaban Hukumar Tarayyar Afirka na lokacin, Moussa Faki Mahamat, wanda ya ce da an tuntuɓi nahiyar tun farko da ya fi. Sabuwar yarjejeniyar ƙaura ta Tarayyar Turai, wadda aka tsara fara aiki da ita a Yunin 2026, ta tanadi tantancewa cikin gaggawa a bakin iyaka da kuma damar ƙasa ta biya kuɗi maimakon karɓar masu neman mafaka. A aikace wannan na nufin ƙarin tsare mutane a wurare irin Lampedusa.

Gwamnatocin Afirka ta Yamma ma ba su da bakin ɗora wa Turai laifi duka. Matashin da ya sayar da gonar gado ko ya karɓi jarin shagon mahaifinsa ya miƙa wa dillali ya san labarin Sabha, ya kuma san na teku. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Wayar da kai da hukumar NAPTIP ke yi, da matakin Oba na Benin, Ewuare na Biyu, na warware rantsuwar tsafi da ake ɗaure 'yan mata da ita a 2018, sun taimaka, amma ba su maye gurbin wutar lantarki da aikin yi da tsaro ba. Abin da ya rage wa Abuja da takwarorinta shi ne su daina shiga tattaunawa da Turai a matsayin masu gadin haya. Suna da abin ciniki a hannu, wato matasan da Turai ke buƙata, kuma za su iya neman gurbin aiki na ƙa'ida, da amincewa da takardun sana'a, da sauƙin biza ga 'yan kasuwa da ɗalibai, a madadin haɗin kai wajen murƙushe masu safara.

Kowace ranar 3 ga Oktoba, wadda majalisar Italiya ta ayyana ranar tunawa a 2016, waɗanda suka tsira da dangin mamata kan taru a Ƙofar Turai, sannan su shiga jirgi su jefa furanni a inda abin ya faru. Idan iska ta kwanta, sau da yawa ba a watse taron ba sai wani sabon jirgin ya bayyana daga kudu. Ko zai zo da mutum goma ko dubu, da rai ko babu, an riga an yanke hukuncin a ofisoshin da ke nesa da tsibirin.